Yadda Ake Rage Sinadarin Naitiret a Akwatin Kiwon Murjani

Mafi yawanmu a wuyan mata muka san murjani, jan dutsen adon nan da fatake suka daɗe suna kawowa ta hamada daga gaɓar Bahar Rum. Ba kowa ne ya san cewa murjani na asali ƙashin wata 'yar dabba ne ta cikin teku ba. Wannan dabba tana da dangi masu yawa, waɗansu daga cikinsu kuwa magina ne. Kowace ɗaya takan kasance kamar ƙwayar gero ko ta wake, amma sai su haɗu dubbai su yi ta aza ƙashi a kan ƙashi, har a sami tudu mai tsawon kilomitoci a ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan tuddai ne ke shimfiɗe a Bahar Maliya, ta gefen Jidda da ta gefen Sudan, da kuma gabashin Ostareliya inda suka miƙe fiye da kilomita 2,000. A gaɓar Afirka ta Yamma ba su samu zama sosai ba, saboda laka da ruwan daɗi da manyan koguna ke zubarwa, da kuma sanyin ruwan da ke tasowa daga ƙasan teku a waɗansu watanni.

Tun wajen shekarun 1970 waɗansu mutane a Jamus, daga baya kuma a Amurka da Japan da sauran ƙasashe, suka koyi rayar da waɗannan dabbobi a gida, a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri wanda ake kira akwariyam. Aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri. Kusan duk wanda ya shige shi kuwa yakan wayi gari wata rana ya ga murjanin da ya saya shuɗi ko kore ya koma ruwan ƙasa, ya daina girma, ga gansakuka ta lulluɓe duwatsu kamar gemu. Idan ya ɗebi ruwan ya auna, sau da yawa abin da zai tarar ya yi yawa shi ne naitiret. Wannan sinadari ba baƙo ba ne ga manomi, domin ta hanyarsa ce masara da dawa ke shan mafi yawan naitirojin da ke cikin takin zamani. Wato ke nan ruwan akwatin ya koma ruwan taki.

Daga ina yake zuwa?

Daga abinci. Duk abincin da aka zuba wa kifi yana ɗauke da furotin, kuma kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne. Kifi yakan gina jikinsa da wani ɓangare, sauran kuma ya fitar da shi a matsayin amoniya, akasari ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa. Abin da ya rage na abinci da kashin kifi su ma sukan ruɓe su ba da amoniya. Ita amoniya guba ce mai saurin kisa. Abin da ke ceton kifin shi ne waɗansu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait (NO₂), wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu su mayar da naitirait naitiret (NO₃). Mai karatu ya lura da waɗannan sunaye biyu, sun yi kama a baki amma ba ɗaya ba ne. Masanin nan Sergei Winogradsky shi ne ya fara ware waɗannan ƙwayoyi a wajen 1890. An daɗe ana rubutawa a littattafai cewa Nitrobacter ke yin aiki na biyu a cikin akwati, har sai da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna a 1998, a akwatunan ruwan daɗi, cewa Nitrospira ne suka fi rinjaye.

Duka matakan nan biyu suna bukatar iskar oksijin, akwati mai kyau kuwa cike yake da ita. Don haka tafiyar takan yi sauri har ta kai ga naitiret, a nan sai ta tsaya. Naitiret ba ya tashi sama tare da tururi, ba ya kwanciya a ƙasa kamar laka. Idan ruwa ya ƙafe aka ƙara wani, yana nan inda aka bar shi.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mutum yana da akwati mai cin lita 200, yana kuma zuba giram 1 na busasshen abinci kowace rana, rabinsa furotin. Rabin giram na furotin yana ɗauke da miligiram 80 na naitirojin. Idan dukkansa ya koma naitiret, nauyin zai ninka sau 4.4 saboda oksijin da ya haɗu da shi, a sami kimanin miligiram 350. A raba wannan cikin lita 200, kowace lita ta sami kusan miligiram 1.8 a rana guda, wato wajen 12 a mako. Ba dukkansa ne ke komawa naitiret ba, amma lissafin ya isa ya nuna girman abin. A ruwan da ke saman tudun murjani mai lafiya a teku, naitiret sau da yawa bai kai miligiram 0.1 a lita ba. Ashe ɗan tsunkulen abincin yini ɗaya zai iya ɗaga akwatin sama da yanayin teku fiye da sau goma.

Me ya sa murjani ba ya so?

Kifaye da yawa suna jure miligiram 40 ko 50 a lita ba tare da an ga wata alama ba. Murjani mai gina ƙashi shi ne ba ya jurewa, dalilin kuwa yana cikin yadda yake rayuwa. A cikin naman jikinsa akwai waɗansu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya tak, masu launin ruwan ƙasa, waɗanda masana ke kira zooxanthellae. Su suna haɗa sukari da hasken rana su ba mai masaukinsu kaso mai tsoka, shi kuma yana ba su mafaka da amoniyar da yake fitarwa. Tun da naitirojin yana da ƙaranci a ruwan, baƙin ba sa iya hayayyafa yadda suke so, sai rarar sukarin ta zuba wa murjani. Da wannan dabara ce tudun murjani ke cika da rai a tsakiyar ruwan da kusan babu abinci a cikinsa.

To, idan aka cika ruwan da naitiret, baƙin sun sami abinci ba ta hannun mai gida ba. Sai su yawaita, su riƙe sukarin don gina kansu, launinsu na ruwan ƙasa ya rufe shuɗi da kore da jan da ake sha'awa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a irin wannan hali ginin ƙashi yakan ragu a waɗansu nau'o'i. A wajen jikin murjanin kuma gansakuka, wadda ta fi shi saurin girma nesa ba kusa ba, takan mamaye duk wani fili ta tare masa haske. An ga irin wannan a teku ma. A mashigin Kaneohe na tsibirin Oahu a Hawai, an yi shekaru ana zubar da ruwan ƙazantar gari, mai ɗauke da naitirojin da fosfaras da sauran datti, har wata koriyar gansakuka mai kama da kumfa ta hau kan murjani a wurare da yawa. Da aka karkatar da bututun zuwa can cikin teku a 1977 da 1978, cikin 'yan shekaru gansakukar ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa.

A fara da tabbatar da awo

Kafin mutum ya taɓa komai, ya kamata ya tabbata lambar da ya karanta gaskiya ce. Kayan awon da ake sayarwa suna aiki ne ta hanyar mayar da naitiret naitirait, sannan su auna launin da naitirait ɗin ya bayar. Saboda haka idan akwai ɗan naitirait a ruwan tun asali, kamar yadda yakan faru a sabon akwati, awon zai nuna lamba mai tayar da hankali wadda ba ta gaskiya ba ce. Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Waɗansu kayan suna ba da nauyin naitirojin kaɗai, waɗansu nauyin naitiret gaba ɗaya, bambancinsu kuwa ninki 4.4 ne. Mai 10 a ma'auni na farko da mai 44 a na biyu ruwa ɗaya suke magana a kai.

Sai kuma ruwan da ake haɗa gishirin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ruwan sha ya ɗauki naitiret har miligiram 50 a lita. Ruwan famfon da babu laifi mutum ya sha zai iya zama shi ne tushen matsalar, musamman a yankunan da ake noma da taki mai yawa. Shi ya sa masu kiwon murjani ke tace ruwansu da na'urar da ke matsa shi ta cikin wata siririyar fata mai hana gishiri da sinadarai wucewa, sannan su bi da shi ta cikin ƙwayoyin roba masu kama abin da ya tsira.

Canjin ruwa da iyakarsa

Hanyar da kowa ke fara tunawa ita ce a zubar da wani ɓangare na ruwan a zuba sabo, kamar yadda mai kiwon tarwaɗa ke yi idan ruwan tankinsa ya yi wari. Tana aiki, amma tana da iyaka wadda lissafi ke bayyanawa. Idan akwati yana da 50 aka canja kashi 20 cikin 100, zai dawo 40. Ba a kai rabi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda lambar za ta tsaya a ƙarshe. A ce akwatin yana tara miligiram 5 a lita kowane mako, ana kuma canja kashi ɗaya bisa goma duk mako. Lambar za ta yi ta hawa har sai abin da canjin ke fitarwa ya yi daidai da abin da ke shiga, wato har ta kai 50, domin ɗaya bisa goma na 50 shi ne 5. Idan aka ninka canjin, za ta tsaya a 25. Amma idan aka bar canjin yadda yake aka rage abin da ke taruwa zuwa rabi, a 25 ɗin dai za ta tsaya, ba tare da an sayi ƙarin gishiri ko ɗaukar ƙarin bokiti ba.

A ganina wannan shi ne abin da sabon mai kiwo ya fi kasa karɓa, domin ya fi son a ce masa ya sayi wata na'ura. Rage yawan kifi, da ba su abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, da zuƙe dattin da ya kwanta a lunguna kafin ya ruɓe, sun fi kowace na'ura arha. Soson tace ruwa ma, idan ba a wanke shi duk bayan kwana biyu ko uku ba, dattin da ya kama yana nan cikin ruwan yana ruɓewa. An dai ɓoye shi ne daga ido. Haka matatar ƙwallayen roba da ta yi tashe a shekarun 1980, wadda ruwa ke ɗiga a kanta cikin iska. Gwana ce wajen kawar da amoniya, amma da yake ko'ina a jikinta oksijin ne, a naitiret take ajiye aikin. Masu kiwo da yawa sun cire ta daga baya.

Na'urar da ta cancanci kuɗinta ita ce na'urar kumfa. Ana hura ƙananan kumfa masu ɗimbin yawa cikin wani bututu, furotin da maiƙon da suka narke a ruwa su manne a jikin kumfan, su hau sama su zuba cikin wani kofi a matsayin baƙin ruwa mai ɗoyi. Ba ta cire naitiret kansa, tana dai cire abin da zai zama naitiret kafin ya zama. Ita ce ginshiƙin tsarin da ake kira na Balin, wanda ake dangantawa da Peter Wilkens da masu kiwon murjani na wannan birni: na'urar kumfa, da haske mai ƙarfi, da duwatsu masu rai.

Hanyar da naitirojin ke komawa sama

Waɗannan duwatsu masu rai tsofaffin ƙasusuwan murjani ne masu ramuka kamar soso, waɗanda ƙananan halittu suka cika. Amfaninsu yana cikin ramukan. A can ciki, inda ruwa ke shiga a hankali, ƙwayoyin da ke bakin rami sun riga sun shanye oksijin. Waɗansu bakteriya da ke zaune a wannan wuri, da suka rasa oksijin, sai su yi numfashi da naitiret a madadinsa, su mayar da shi iskar naitirojin, wadda ke tashi ta bar ruwan ta shiga sararin da dama kashi 78 cikin 100 nasa naitirojin ne. Wannan ne matakin da ke rufe zagayen.

An yi dabaru da dama don faɗaɗa irin wannan wuri. Jean Jaubert, wanda aka yi amfani da tsarinsa a gidan adana halittun teku na Monako tun ƙarshen shekarun 1980, ya aza yashi mai kauri a kan raga, ya bar ɗan sarari na ruwa marar motsi a ƙarƙashi. Waɗansu kuma suna zuba yashi mai laushi zurfin santimita 10 zuwa 15 kai tsaye. Hatsarin shi ne idan oksijin da naitiret duka suka ƙare a can ƙasa, wasu ƙwayoyin dabam sukan koma kan salfet, wanda ruwan teku ke da shi da yawa, su samar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yashin yakan yi baƙi. Wanda ya zo ya tone shi gaba ɗaya a rana guda zai iya kashe duk abin da ke cikin akwatin.

Wata hanya ita ce a yi noma a girbe. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Washinton ya ƙirƙiro wani faranti mai raga wanda ruwa ke bi ta kansa ƙarƙashin fitila, gansakuka ta tsiro a kai, a riƙa kankare ta a kai a kai. Da shi ya rayar da tudun murjanin da aka buɗe wa 'yan kallo a can a 1980. A yau an fi yin haka da wani ƙaramin akwati na gefe, inda ake shuka wani tsiron teku mai kama da cukurkuɗaɗɗen zare, Chaetomorpha. Tsiron yana shan naitiret da fosfet ya gina jikinsa, kuma ranar da aka ɗebi dunƙule aka fitar, a ranar ce naitirojin ya bar akwatin. Idan aka bar shi ya mutu a ciki, an dawo da abin da aka ɗauka. Inda za a zubar da shi ma abin lura ne. Wani tsiron akwati mai suna Caulerpa taxifolia, wanda aka fara gani a gaɓar Monako a 1984, ya bazu ya mamaye ƙasan teku a gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum.

Hanya mafi ƙarfi, kuma mafi bukatar taka-tsantsan, ita ce ciyar da bakteriya. A akwatuna da yawa abin da ke hana su hayayyafa shi ne ƙarancin kabon mai sauƙin ci. Idan aka riƙa ɗiga ɗan ruwan khal, ko sukari, ko sinadarin etanol, sai su yawaita, su kwashi naitiret da fosfet su gina jikinsu, na'urar kumfa kuma ta kwashe su. Idan babu na'urar kumfa mai kyau, bai kamata a gwada ba. Idan kuma aka zuba da yawa lokaci ɗaya, ruwan zai yi fari kamar an zuba madara, ƙwayoyin su shanye oksijin, a wayi gari kifaye sun mutu. Da ɗigo kaɗan ake farawa, a ƙara a hankali cikin makonni.

Duka hanyoyin nan biyu na ƙarshe suna da sharaɗi ɗaya. Alfred Redfield ya fara nunawa a 1934 cewa ƙananan halittun teku suna ɗaukar naitirojin da fosfaras a kan wani ƙiyasi kusan tsayayye, adadin da aka tsaya a kansa daga baya kuwa shi ne ƙwayar zarra 16 ta naitirojin ga kowace 1 ta fosfaras. Ba dole ne akwati ya bi wannan adadi daidai ba, amma darasin yana nan: halitta ba ta gina jiki da naitirojin kaɗai. Mutumin da ya sa maganin kama fosfet har ya kai shi sifiri, sannan yake mamakin me ya sa tsironsa ya tsaya kuma naitiret ya ƙi sauka, shi ya ɗaure ma'aikatansa da kansa.

Kada a wuce gona da iri

Shekaru da yawa ana koya wa masu kiwo cewa sifiri ake nema, tun da ruwan teku kusan sifiri ne. An manta cewa murjanin teku yana samun abinci dare da rana daga ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawo masa, da kashin garken kifayen da ke kwana a jikinsa. Naitirojin yana wucewa da yawa, ba ya dai taruwa ne. A akwati, awon sifiri sau da yawa yunwa yake nufi. Murjani yakan koɗe, namansa ya yi siriri, wani lokaci kuma wasu ƙananan halittu masu yauƙi da guba su cika gurbin da gansakuka ta bari, waɗanda korarsu ta fi korar gansakuka wuya.

Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka buga a 2013 ya ƙara haske a nan. Sun nuna cewa idan naitirojin ya yi yawa alhali fosfet ya yi ƙaranci, ƙananan tsirran da ke jikin murjani sukan yawaita har su rasa fosfaras, sai su raunana, ɗan ƙarin zafi ko haske ya sa murjanin ya yi fari. Ke nan rashin daidaito tsakanin sinadaran biyu yana iya fin yawan naitiret kansa illa.

Saboda haka masu kiwo da yawa yanzu suna barin naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, da ɗan fosfet wanda awo zai iya gani. Wanda akwatinsa ya kai 50 ko 80 ba a so ya sauko da shi cikin kwana biyu, domin murjanin da baƙinsa sun riga sun saba da wannan ruwa, kuma sauyin gaggawa yakan kashe abin da yawan naitiret bai kashe ba. Ana saukowa ne cikin makonni, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda, ana aunawa a rana ɗaya kowane mako a rubuta, ana kuma duban bakin rassan murjanin, inda sabon ƙashi ke fitowa fari idan girma ya dawo. Waɗanda na'urorinsu suka yi ƙarfi har lambar ta faɗi ƙasa sukan ƙara abinci, ko su rage awannin hasken akwatin gefe. Waɗansu ma sayen naitiret ɗin suke yi a kwalba su ɗiga, a shagon da ake sayar da maganin rage shi.